Kundin aikin katunan kalmomin so da buri na Turanci: velleity da 'yan'uwanta

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

An buɗe aiki. Abin da ake son fitarwa shi ne katunan karatu goma sha biyu a kan kalmomin Turanci na so da buri waɗanda ba a cika jin su a bakin mutane ba, amma ɗalibin adabi ko falsafa da mai fassara sukan ci karo da su. Kalmomin su ne velleity, volition, conation, appetence, orexis, concupiscence, cupidity, desideratum, hankering, yen, whim da longing.

Kowace kalma da katinta, girman A6, wato milimita 105 da 148, don takardar A4 ɗaya ta ba da kati huɗu. A fuskar kati za a sa kalmar, gaɓoɓinta, ajinta a nahawu da jam'inta. A bayansa ma'ana da Hausa wadda ba ta wuce kalma 25 ba, jimlolin misali biyu, da layi ɗaya na gargaɗi kan kalmar da ake rikita ta da ita. Duk abin da ya fi ƙarfin kati zai koma takardar malami. Kowane kati kuma za a naɗa masa murya.

Da velleity za a fara domin ita ce mai wuyar sha'ani. Yawancin sauran suna magana ne kan so mai zafi ko kan abin da ake so, kuma Hausa ba ta rasa sunayen waɗannan ba. Ita kuwa sunan son da bai tsinana komai ba ne.

Kuɗi: rim ɗaya na takarda ₦6,500, data ₦5,000. Jimla ₦11,500.

Laraba, 8 ga Janairu

An tattaro abin da ƙamusoshin Turanci suka ce. Merriam-Webster ya ba da ma'ana biyu: mataki mafi ƙasa na nufin yin abu, sai kuma ɗan so ko ɗan karkatar zuciya. Wasu ƙamusoshin sun ƙara sharaɗi, cewa son ba ya tare da wani yunƙuri na samun abin. An ja layi a ƙarƙashin wannan sharaɗin.

Suna ce, gaɓa huɗu, nauyin murya a kan ta biyu: ve-LII-i-ti. Jam'inta velleities. Ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17 daga velleitas, kalmar Latin ta malaman addini da falsafa na Turai, wadda aka gina a kan aikatau velle, wato so ko nufa. Daga wannan tushe volition, voluntary, volunteer, benevolent da malevolent suka fito. Ita ma will ta Turanci dangi ce, sai dai ba aro ba ce daga Latin, kaka ɗaya suka haɗa tun can baya.

Akwai kalmomi biyu da ido zai ɗauka 'yan gida ɗaya ne da ita, alhali ba su haɗa komai ba: vellicate, daga vellere, fizga ko tsinka, da vellum, fatar maraƙi da ake rubutu a kai. An ajiye su a takardar malami.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau aka zauna tantance kalmomin Hausa, ɗaya bayan ɗaya, ana tambayar kowace: mai wannan abu a ransa, yana tashi ya nema ko ba ya tashi?

Sha'awa ta yi faɗi da yawa, kuma mai karatu da dama hankalinsa zai tafi ga sha'awar jiki, wanda gonar concupiscence ce. Buri babba ne, mai dogon zango, kuma ana cika shi. Mai buri yakan yi tanadi, ya yi haƙuri, ya jira. Fata tana tare da sa rai, sau da yawa ma wa wani ake yin ta. Marmari na abin da aka daɗe ba a samu ba ne, kuma wanda marmarin ɗanwake ya kama yakan aika a sayo gari. Kwaɗayi yana ɗauke da zargi, ga shi yana jan mai shi. Da ba ya ja, da ba a ce masa mabuɗin wahala ba. Bege da ƙawa da ƙulafuci duk sun yi zafi. Niyya, aniya, ƙuduri da azama kuwa suna sama da ita, wurin volition suke.

An daɗe a kan "fatar baki" domin ta zo kusa. An bar ta saboda dalili biyu. Na farko, fatar baki aikin harshe ne, ita kuwa velleity tana iya zama a zuci shekara da shekaru ba a furta ta ba. Na biyu, mai fatar baki akwai ƙanshin yaudara a tare da shi, shi kuwa mai velleity ba ƙarya yake yi ba. Yana son abin. Bai dai motsa ba.

Abin da ya rage a tebur ba sunaye ba ne: "da ma" da "ina ma". An rubuta su a gefe. Daftarin farko na ma'ana: "ɗan so mai rauni, wanda bai kai niyya ba."

Talata, 14 ga Janairu

An shigar da daftarin velleity, volition da whim cikin kwamfuta. An tsara fuskar kati.

Alhamis, 16 ga Janairu

An karanta wurin da John Locke, masanin falsafa na Ingila, ya kawo kalmar a littafinsa An Essay Concerning Human Understanding, wanda bugunsa na farko ke ɗauke da shekarar 1690. Wurin shi ne kashi na 2, babi na 20, sashe na 6. A ganinsa, so shi ne rashin sukunin da mutum yake ji idan ba shi da wani abu mai daɗi, kuma ƙarfin so gwargwadon ƙarfin wannan rashin sukunin ne. Idan rashin abin bai hana mutum sakat ba, yana zaune lafiya lau ba tare da shi ba, to abin da ya rage shi ne velleity tsurarta, wadda ya kira "the lowest degree of desire", mataki mafi ƙasa na so, dab da babu. Ya ce ba ta kai mutum ko'ina sai 'yan fatace-fatace marasa ƙwari, ba tare da ya kama hanyar samun abin ba.

Amfanin wannan ga kati babba ne, domin ya ba da ma'auni. Ana duba ko rashin abin yana damun mutum har ya motsa shi, ba daɗin da yake ji in ya tuna abin ba. Mutum na iya kwatanta gidan da yake so dalla-dalla, har da launin fenti, alhali ɗakin hayar da yake ciki bai taɓa hana shi barci ba. An ɗauki lafazin "rashinsa bai dame shi ba" an ajiye don daftari na gaba.

Litinin, 20 ga Janairu

Tsarin kati ya ci karo da cikas. Da aka koma ga Latin, sai ta bayyana kalmar tana da tsohuwar ma'ana da ba ta shiga cikin bayanin Locke ba.

Thomas Aquinas, malamin addinin Kirista ɗan Italiya da ya rasu a 1274, ya kawo ta a littafinsa Summa Theologiae, ɓangaren farko na kashi na biyu, tambaya ta 13, fasali na 5, inda yake tattauna ko mutum na iya zaɓar abin da ba zai yiwu ba. Ya raba nufi gida biyu. Cikakken nufi ba ya rataya sai ga abin da zai yiwu. Nufi marar cika kuwa yana rataya ga abin da ba zai yiwu ba, shi ne ya ce wasu suna kira velleitas, domin mutum da zai nufi abin da a ce yana yiwuwa. Lafazin "wasu suna kira" ya nuna ba shi ya ƙirƙiro kalmar ba, ya tarar da ita a bakin malamai. Aikatau ɗin da ya yi amfani da shi a nan shi ne vellet, sigar sharaɗi ta velle, wadda ke nufin "da zai so". Wato tun a gininta kalmar tana ɗauke da "da a ce".

Bambancin ba ƙarami ba ne. A wajen Locke hanya a buɗe take, son ne bai da ƙarfi. A wajen Aquinas son yana iya zama mai ƙuna ƙwarai, hanyar ce a toshe. Wanda ya rasa mahaifi yake cewa da ma ya sake ganinsa, ba za a ce sonsa mai rauni ba ne, amma ba abin da zai iya yi. Abin da ya haɗa ma'anonin biyu ɗaya ne tak: ba a kai ga aiki ba. Saboda haka daftarin da ya dogara da "rauni" ya kama rabi ne kawai.

Wanda ya yi karatun nahawun Larabci zai gane tsohuwar ma'anar nan take, domin an karantar da shi cewa laita ta tamanni ce, la'alla ta tarajji: ta farko don abin da ba zai yiwu ba ko mai wuyar samu, ta biyu don abin da ake sa ran samu. Misalin da malamai ke bayarwa na tsohon da ke cewa da ma ƙuruciya ta dawo ya zauna daram a kan abin da Aquinas yake nufi. An kuma duba matakai biyar na ƙudurin zuciya da malaman Musulunci ke lissafawa, hajis, khaɗir, hadisun nafs, hammu da azmu. Tabbas velleity tana ƙasa da azmu, amma ba a ɗora ta a kan mataki ɗaya daga cikinsu ba, domin waɗancan matakala ce ta tunanin da ke hawa zuwa aiki, an kuma jera su don sanin inda hisabi ke farawa. Ita velleity ba lallai ne tana hawa ba, tana iya zama wuri ɗaya har tsufa.

Shawarar da aka tsayar: kati zai ɗauki ma'anar da ake samu a Turancin yau, irin ta Locke. Tsohuwar ma'ana da kwatancen laita za su tafi takardar malami, wadda yanzu ta tashi daga shafi biyu zuwa huɗu. Ba a taɓa lafazin daftari ba tukuna, sai an gwada shi a kan masu karatu.

Laraba, 22 ga Janairu

Manhajar rubutu ta waya tana juya kalmar zuwa velocity, kuma hakan ya shiga fayil ɗin misalai a wurare da dama. An kashe gyaran kai-tsaye, an ƙara kalmomin goma sha biyu a ƙamus ɗin manhajar, an bi fayil da bincike an gyara. An ƙara velocity da levity a layin gargaɗi, tunda ido ma yana irin wannan tuntuɓen.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin farko, da ɗaliban Turanci na matakin gaba da sakandare da wasu masu fassara. An ba kowa kati da takarda mai ɗauke da hali shida da Hausa, aka ce ya nuna wanne ne velleity. Akwai mutumin da shekara da shekaru yake ji a ransa zai koyi Larabci, bai taɓa sayen littafi ko zuwa gaban malami ba. Akwai matar da ta ga atamfa a kasuwa, ba shiri ta kwance bakin zane ta biya. Akwai wanda yake ɗan son shayi amma ya fi son koko, da ɗalibin da ya yi ta zama jarrabawa bai ci ba, da mai alkawarin da ya san ba zai cika ba, da tsohon da ke cewa da ma ƙuruciya ta dawo.

Amsar da ake nema ita ce ta farko, da ta ƙarshe ga wanda ya san tsohuwar ma'ana. Mafi yawa sun zaɓi mai shayi. Wasu sun haɗa da mai atamfa. Mai Larabci, wanda dominsa aka yi katin, kaɗan ne suka nuna shi, kuma da aka tambayi dalili sai aka ce ai son da ya shekara goma a zuciya ba za a kira shi ɗan so ba.

Wannan amsa ta fito da ciwon. "Ɗan" da "rauni" sun sa an auna girman so, alhali abin aunawa shi ne motsi. Mai shayi yana shan shayinsa in an ba shi, ba abin da ya rasa. Mai atamfa ta aikata nan take, wannan whim ne, wanda ta wannan fuskar kishiyar velleity ne: whim yana zuwa farat ɗaya ya sa a yi abu ba tunani, velleity tana daɗewa ba ta sa a yi komai. Ɗalibin ya yi ƙoƙari, rashin nasara daban, rashin yunƙuri daban. "Bai kai niyya ba" ma bai taimaka ba, domin a maganar yau da kullum mutum yakan ce "ina da niyya" a kan abin da bai ɗaura wa ɗamara ba, har kalmar ta saki.

An soke daftarin. Sabon zai fara da "da ma", ya ƙare da rashin tashi nema. An kuma ƙara tambayar gwaji a ƙasan kati: "Ya yi wani abu a kai? In ya yi, ba ita ba ce."

Kuɗi: kwafin takardun gwaji ₦2,000. Jimla ₦13,500.

Talata, 28 ga Janairu

Aikin yadda ake sa ta a jimla. Ana ƙirga ta, ana kuma barin ta ba ƙirge: a velleity, velleities, ko velleity kawai idan halin ake nufi. Abokan tafiyarta na kullum su ne mere, vague da faint, kuma abin da ake so yakan biyo bayan toward, of, ko to da aikatau. Ba ta da aikatau, ba ta kuma da sifar da ake amfani da ita a Turancin yau. Wanda ya rubuta "a strong velleity" ya tufka ya warware, domin in ta yi ƙarfi ta tashi daga sunanta. Ba a kuma sa ta ga yunwa, ƙishirwa ko sha'awar jiki.

Kusan kullum da ɗan suka take zuwa. Marubuci yakan ɗauko ta ne don ya ce abin da wani ke kira shiri ko manufa bai kai haka ba. An gina misalan biyu a kan wannan:

His plan to learn Arabic never rose above a velleity. Shirinsa na koyon Larabci bai taɓa wuce "da ma" ba.

The committee had velleities of reform, but no budget and no date. Kwamitin yana ta raya gyara a zuci, amma ba kasafi, ba ranar farawa.

An duba yawan fitowarta a Google Books Ngram Viewer, shafin intanet da ke zana yawan fitowar kalma a littattafai shekara bayan shekara. Idan aka haɗa ta da wish a zane ɗaya, layinta yana kwanciya a ƙasa ba a ganin komai, don haka sai a duba ta ita kaɗai ko tare da volition, wadda ita ma ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. A haɗa tilo da jam'i da alamar tarawa, velleity+velleities, in ba haka ba wani kaso zai zube.

An sa wa katin alamar "don ganewa". Kalma ce da ya kamata ɗalibi ya gane in ya gan ta a littafi, ya kuma iya fassara ta daidai. Ba ta da gurbi a takardar neman aiki ko rahoton ofis, inda mai karantawa zai tsaya neman ƙamus ko ya ɗauka kuskuren bugu ne. A can "a wish he never acted on" ta wadatar.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Naɗar murya. Wuri huɗu bakin Bahaushe ke sarƙewa a wannan kalma. Babu sautin v a Hausa, sai ya koma b ko f, kuma f ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin sa. Maganin shi ne a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, a saki iska tare da murya, a sa yatsa a maƙogwaro a ji yana rawa. Sai l biyu da ke rubuce: mun saba duk baƙin da aka ninka a rubutu a ninka shi a baki, kamar a salla da kallo, amma a nan l ɗaya ake furtawa. Na uku shi ne ei, wanda ake haɗewa a ce "lai" ko "lei", har kalmar ta koma gaɓa uku. Wasula biyu ne a gaɓa biyu, lii sannan i. Na huɗu nauyin murya; abin da ya fi saurin kamawa shi ne a ce wa ɗalibi ya ɗaga sauti a kan lii ya ja shi, ya sauke sauran.

An zaɓi furucin Ingila, mai t a fili a gaɓar ƙarshe. A bakin 'yan Amurka t ɗin yana laushi ya kusa zama d, wanda zai ƙara wa mai koyo ruɗani.

Naɗin rana bai yi ba: ƙarar janareta daga maƙwabta ta shiga, kuma da aka cire ta da Audacity, manhajar gyaran sauti, sai ta tafi da ɗan zuzun da ke bambanta v da b, wato ainihin abin da ake son a ji. An sake da sassafe a ɗaki mai labule da katifa, makirfo taƙi ɗaya daga baki, an ɗan kauce da shi gefe saboda iskar t. Tsarin kowane fayil: kalmar sau biyu a hankali, sau ɗaya da saurin magana, shiru na daƙiƙa uku don maimaitawa, sai jimlolin misali. MP3, layin sauti ɗaya, don ya wuce ta WhatsApp ba nauyi.

Kuɗi: makirfo na maƙalawa a riga ₦8,500. Jimla ₦22,000.

Talata, 4 ga Fabrairu

Masu karatu daga Nijar da aka tura wa daftari sun gane kalmar tun kafin su juya kati, domin velléité ba baƙuwa ba ce a Faransanci kamar yadda take a Turanci. Ana ganin ta har a jaridu. Wannan sauƙi ne, amma da tarko a ciki. Faransanci yana da sifa, velléitaire, ga mutumin da kullum yana shirin yi ba ya yi, kuma an samu wanda ya ɗauko ta ya yi mata rigar Turanci. A jarida kuma akan ce velléités a kan take-taken neman wani abu, kamar ɓallewa ko neman mulki, inda har an fara ɗan motsi. A Turanci gara a tsaya kan rashin motsi.

An ƙara sakin layi a takardar malami. An ambaci Italiyanci, inda velleità ta karkata ga burin da ya fi ƙarfin mai shi, da Sifaniyanci, inda veleidad ta koma nufin saurin canza ra'ayi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An gama daftarin hankering, yen, longing da desideratum. Gargaɗin yen: daga harshen Kanton na ƙasar Sin ta zo, ba ruwanta da kuɗin Japan. Gargaɗin desideratum: abin da ake buƙata take nufi, ba son kansa ba, jam'inta desiderata.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Bugun gwaji a wani shagon buga takardu, kwali goma, duk sun lalace ta hanya biyu.

Haruffa masu lanƙwasa, ƙ, ɗ, ɓ, sun fito wasu a matsayin akwati, wasu da wani salon harafi daban da na sauran kalmar. Dalili: fayil ɗin rubutu aka kai, kwamfutar shagon ba ta da salon haruffan da aka yi aiki da shi, sai ta musanya da wanda ba shi da su. An koma Charis SIL, wanda ke da su manya da ƙanana har da ƴ, kuma daga yanzu PDF kaɗai za a kai, da haruffan a cushe a cikinsa. Kafin a biya kuɗin bugu a buɗe fayil a kwamfutar shagon a duba kalma irin "ƙuduri" da "ɗan".

Na biyu, bayan kati bai dace da fuskarsa ba: ma'anar whim ta fito a bayan velleity. Idan takarda mai kati huɗu ta juya ta dogon gefe, na hagu yana komawa dama. Dole a shafin baya a musanya ginshiƙan, kati na 2 ya zo kafin na 1, na 4 kafin na 3. An kuma bar milimita 6 fili a kowane gefe, domin firinta tana ɗan gocewa tsakanin fuska da baya, wuƙar yanka ta ci layin gargaɗi a wasu.

Kuɗi: kwali mai nauyin giram 250, goma a ₦150, ₦1,500, bugu fuska 20 a ₦80, ₦1,600. Jimla ₦25,100.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Concupiscence da cupidity, dukansu daga cupere na Latin. Ta farko so ne mai ƙarfi, galibi na jiki, kuma kalmar tauhidin Kirista ce, wadda Agustin na Hippo, malamin Kirista na zamanin da, ya yi aiki da ita sosai. Tana cikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci ta Sarki James ta 1611, a Romawa 7:8, Kolosiyawa 3:5 da 1 Tasalonikawa 4:5. Ta biyu haɗamar dukiya ce. Ɗalibai suna ganin Cupid, gunkin soyayya na Romawa, a cikinta su kai ta ga soyayya, shi ne gargaɗin katinta. Orexis ta Girkanci ce, masanin falsafa Aristotle ya yi aiki da ita, kuma hanya mafi sauƙi ta tuna ta ita ce anorexia, rashin son abinci. An gama appetence.

Conation ta tsaya. Daga conari take, yunƙura, kuma masana halayyar ɗan Adam suna jera ta da sani da ji a matsayin ɓangare na uku na aikin zuciya. Ita ce ainihin abin da velleity ta rasa, don haka an sa kowace ta yi nuni ga 'yar'uwarta.

Talata, 18 ga Fabrairu

Gwaji na biyu, da sababbin masu karatu, hali shida ɗin nan ba a canza ba. Mafi yawa sun nuna mai Larabci, ba wanda ya zaɓi mai shayi. Saura mai alkawarin ƙarya, wanda har yanzu yana jan wasu, tunda shi ma bai aikata ba. An ƙara "a ransa" a cikin ma'anar, an kuma sa "ba fatar baki ba ce" a layin gargaɗi.

Kuɗi: kwafi ₦1,500. Jimla ₦26,600.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An buga saiti 30, kati 360 daga kwali 90. Lafazin da ya hau bayan katin velleity: "So na 'da ma': mutum yana son abu a ransa, amma rashinsa bai dame shi har ya tashi nemansa ba." Ƙarƙashinsa misalan biyu, tambayar gwaji, da gargaɗi: ba whim ba ce, ba fatar baki ba ce, a kula da velocity da levity.

Kuɗi: kwali ₦13,500, bugu fuska 180, ₦14,400, yanka ₦3,000, ambulan 30, ₦1,500, takardar malami shafi 120 a ₦50, ₦6,000. Jimlar aiki ₦65,000, wato kusan ₦2,200 kowane saiti, ban da lokacin da aka sa.

Zango na gaba, bayan azumi: mayar da katunan cikin Anki, manhajar bitar katunan karatu, tare da muryoyinsu, a adana fayil ɗin shigarwa a tsarin UTF-8 don kada ƙ da ɗ su koma alamar tambaya, fitar da bugun Nijar mai ƴ a madadin 'y, da gargaɗin velléitaire a kan katin kansa, da sake gwada katin conation, wanda ma'anarsa ta Hausa har yanzu tana karo da ta volition a wajen masu karatu. Za a rubuta masa hali shida nasa kafin a taɓa lafazin.